Begen Ƙuruciya Ya Zama Haja: Yadda 'Yar Tsana Barbie Ta Ci Kasuwar Sinima

Ran Juma'a 21 ga watan Yuli na shekarar 2023, kamfanin shirya finafinai na Warner Bros. da ke ƙasar Amurka ya fitar da wani fim mai suna Barbie, wanda aka gina labarinsa a kan wata 'yar tsana ta roba da kamfanin Mattel ya shekara 64 yana sayarwa. A ƙarshen makon farko kawai, kuɗin tikitin da aka tara a Amurka da Kanada ya kai dala miliyan 162. Kwana 17 da fitowarsa ya haye dala miliyan 1,000 a duniya baki ɗaya, kafin a sauke shi daga gidajen sinima kuwa ya tara fiye da dala miliyan 1,400. Babu fim ɗin da ya kamo ƙafarsa a wannan shekara, kuma a shekara 100 da Warner Bros. ya yi da kafuwa bai taɓa fitar da wanda ya tara kuɗin tikiti kamarsa ba. Greta Gerwig, wadda ta ba da umarni a fim ɗin, ita ce mace ta farko da ta ja ragamar fim ita kaɗai har ya kai wannan matsayi.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a nan shi ne, galibin waɗanda suka cika gidajen sinimar nan ba yara ƙanana ba ne. Hasali ma hukumar da ke tantance finafinai a Amurka ta sa shi a rukunin da ake jan kunnen iyaye game da 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 13. 'Yan mata ne da matan aure, da ma'aikatan ofis, har da kakanni, suka yi anko da tufafi masu launin ruwan hoda suka bi layi, da yawansu sun sayi tikiti tun makonni kafin ranar. Watau abin da aka sayar musu shi ne ɗanɗanon zamanin da suke zaune a tsakar ɗaki suna yi wa 'yar tsana kitso da kwalliya. Yadda aka yi wannan bege ya zama kuɗi, da kuma aljihun da kuɗin ya faɗa, shi ne abin dubawa.

Asalin hajar

An kafa Mattel a 1945 a jihar Kalifoniya. Elliot Handler da matarsa Ruth da abokinsu Harold Matson ne suka haɗa hannu, sunan kamfanin ma daga sunayen mazan biyu aka tsago shi. Da firam ɗin hoto suka fara, sa'an nan suka shiga yin kayan ɗakin 'yan tsana da ragowar katakon, da suka ga wannan ya fi ciniki sai suka koma kayan wasan yara ɗungurungum. A 1955 suka yi wata kasada da ta sauya sana'ar: suka biya dala 500,000, kusan daidai da darajar kamfanin duka a lokacin, don a riƙa tallar kayansu duk shekara a cikin shirin yara na Mickey Mouse Club a talabijin. Kafin nan, mai kanti ake yi wa talla, sai kuma iyaye idan Kirsimeti ta gabato. Daga nan aka koma yi wa yaro talla kai tsaye, shi kuwa ya hana iyayensa sakat.

Ruth Handler ta daɗe tana lura da 'yarta Barbara tana wasa da 'yan tsana na takarda, tana ba su matsayin manyan mata, alhali abin da ke kasuwa a lokacin kusan duk siffar jarirai ne. A 1956, a wata tafiya da suka yi Turai, ta ga wata 'yar tsana 'yar Jamus mai suna Bild Lilli, mai siffar budurwa, wadda aka samo daga wani zanen barkwanci na jaridar Bild kuma tun asali manya ake sayar wa. Ta sayo, ta sa aka gyara siffar, aka ba masana'antun Japan kwangilar ƙerawa saboda arahar ƙwadago. Ran 9 ga Maris 1959 aka baje Barbie a kasuwar baje kolin kayan wasa ta birnin Niyok a kan dala 3. Manyan dillalai da yawa, galibinsu maza, suka yatsina fuska, suna ganin babu uwar da za ta saya wa 'yarta irin wannan. Amma da tallar talabijin ta kankama, sai ga shi an sayar da kimanin 300,000 a shekarar farko. A 1964 Mattel ya saye haƙƙin mallakar Lilli, aka daina yin ta.

Dabarar cinikin ba a jikin 'yar tsanar take ba. Ita dai a saya sau ɗaya ne, amma riguna da takalma da jakunkuna daban ake sayar da su, kuma kullum sababbi na fitowa. A 1961 aka kawo mata saurayi, Ken, mai sunan ɗan Ruth. A 1962 aka yi mata gida, daga baya mota, da ƙanwa, da ƙawaye, da kayan sana'o'i iri iri, har da na 'yar sama jannati a 1965. Duk yarinyar da aka saya wa guda ɗaya, an buɗe wa iyayenta asusun kashe kuɗi ke nan na shekara da shekaru. Da wannan hanya aka sayar da fiye da miliyan 1,000 a faɗin duniya. Wadda ta fi kowace ciniki ita ce mai gashi har idon sawu da aka fitar a 1992, an sayar da sama da miliyan 10. Yaran da suka yi wasa da ita su ne matan da a 2023 suke tsakanin shekara 35 zuwa 45, masu albashi da ikon kashe kuɗinsu.

Sai dai kasuwa ba ta da tabbas. Tun da daɗewa ake sukar 'yar tsanar cewa siffar jikinta, da siririn ƙugu da dogayen ƙafafu, ba ta yi kama da ta kowace mace mai rai ba, kuma tana sa yara raina halittarsu. A 2001 wani kamfani mai suna MGA ya fito da 'yan tsana na Bratz, suka ƙwace wani babban yanki na kasuwar, kamfanonin biyu kuma suka shafe shekaru suna shari'a. Bayan nan wayar hannu da kwamfutar tafi da gidanka suka janye hankalin yara. Daga 2012 zuwa 2015 cinikin Barbie ya yi ta raguwa shekara bayan shekara har ya sauka ƙasa da dala miliyan 1,000. A 2016 lasisin yin 'yan tsanar Disney ya suɓuce wa Mattel ya koma hannun abokin hamayyarsa Hasbro. A 2017 babban kantin nan na Toys "R" Us, ɗaya daga cikin manyan masu sarin kayansa, ya durƙushe. A wannan shekara Mattel ya yi hasarar fiye da dala miliyan 1,000, ya kuma dakatar da raba riba ga masu hannun jari.

An ɗan farfaɗo da hajar a 2016, lokacin da aka fito da siffofi uku sababbi, mai jiki da doguwa da gajeruwa, tare da launin fata da gashi iri iri. Amma babban sauyi ya zo ne a watan Afrilun 2018, da aka naɗa Ynon Kreiz shugaban kamfanin, na huɗu cikin shekara huɗu. Mutumin daga harkar talabijin ya fito. Ya rage ma'aikata fiye da 2,000, ya kafa sashen finafinai a ƙarƙashin Robbie Brenner, ya kuma sanar da masu hannun jari cewa dukiyar kamfanin ta ainihi ita ce sunayen da ya mallaka, ba injinan narka roba ba. Hujjarsa a fili take. Ƙera 'yar tsana na buƙatar masana'anta da jirgin ruwa da sito, ga haɗarin kaya su yi kwantai. Bayar da hayar suna kuwa takarda ce da sa hannu, ribarta mai kauri.

Shi kansa fim ɗin ya sha faɗi tashi. Tun 2009 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Universal, ba ta haifar da komai ba. A 2014 aka koma Sony, inda aka yi ta sauya marubuta, aka ambaci Amy Schumer, daga baya Anne Hathaway, har wa'adi ya cika a 2018 haƙƙin ya komo hannun Mattel. Sa'an nan ne aka shirya da Warner Bros. da 'yar wasa Margot Robbie, 'yar asalin Ostareliya, wadda ke da nata kamfanin shirya fim, LuckyChap. Ita ta jawo Gerwig, wadda ta rubuta labarin tare da Noah Baumbach. An ɗauki yawancin fim ɗin a 2022 a ɗakunan ɗaukar hoto na Leavesden da ke kusa da Landan.

Yadda aka dafa ɗokin

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Fiye da shekara guda kafin fitowar fim ɗin aka fara sakin hotuna ɗaya bayan ɗaya. A watan Yunin 2022 aka ga Robbie da Ryan Gosling, wanda ya fito a matsayin Ken, suna gudu da takalman taya a bakin teku a Los Anjalis cikin tufafi masu ƙyalli irin na wajen 1990, hotunan suka bazu a intanet ba tare da an biya ko kwabo ba. A Disamba aka saki guntun talla na farko, wanda bai faɗi komai game da labarin ba. Wannan rowa da gangan aka yi ta. Har kusan ranar fitowa, jama'a ba su san ko fim ɗin yara ba ne, ko na barkwanci, ko na suka, rashin sanin kuwa shi ya sa kowa ke tofa albarkacin bakinsa. A Afrilun 2023 aka buɗe wani shafi inda mutum zai sa hotonsa a cikin allon tallar fim ɗin ya rubuta sana'arsa. Mutane ba iyaka, har da 'yan siyasa da kamfanoni, suka yi wa Warner Bros. talla kyauta.

Daga nan sai hayar suna. Mattel ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni fiye da 100: Gap da Zara da Primark a tufafi, Crocs da Aldo a takalma, Xbox a wasan kwamfuta, Burger King a Birazil da burodinsa mai miya ruwan hoda. Airbnb ya shafe wani katafaren gida a Malibu da fenti ruwan hoda ya ba da shi masauki. A irin wannan yarjejeniya, mai karɓar lasisi shi ke zuba jari, shi ke ƙera kaya, shi ke talla, shi ke ɗaukar hasara idan kaya suka ƙi tafiya, mai suna kuwa ya karɓi ladansa, ko dai dunƙulallen kuɗi ko wani kaso daga ciniki. Ke nan kowane kanti da ya jera kayan nan ya zama allon tallar fim ɗin da kuɗin wani. Launin kansa ya zama tambari, har aka kafa manyan alluna a tituna babu komai a jikinsu sai ruwan hoda da kwanan wata. An ma yi ta yaɗa cewa fim ɗin ya ƙarar da fenti ruwan hoda a duniya. Kamfanin Rosco mai fentin ya bayyana cewa kayansa dama sun yi ƙaranci saboda annobar korona da sanyin da ya lalata sinadarai a Texas a 2021, sai masu fim suka kwashe ragowar. Amma labarin ya riga ya yi aikinsa.

Inda aka fi nuna gwaninta shi ne wajen taɓa zuciyar manya. A tarurrukan tallar fim ɗin, tufafin da Robbie ke sawa kwaikwayon na tsofaffin 'yan tsana ne: na 1959 mai ratsin baƙi da fari, na 1960 a bikin Los Anjalis da na Landan, na 1985 a birnin Seoul. Kowace mace sai ta tsinci shekarar da ta dace da yarintarta. A cikin fim ɗin kuma aka tono hajojin da kamfanin ya daina yi, wasu ma don kunya ya daina: Allan abokin Ken na 1964, da Midge mai juna biyu wadda kantin Walmart ya janye a 2002 saboda ƙorafin iyaye, da wadda aka dasa wa kyamara a ƙirji a 2010. Akwai kuma wata da aka yi wa askin banza, aka zane mata fuska da alƙalami, ƙafafunta a wargaje, irin yadda kowace yarinya ta taɓa yi wa tata. Wannan ta fi kowace shiga ran 'yan kallo, domin ba daga kundin kamfani aka ɗauko ta ba, daga ƙasan gado aka ɗauko ta. Abin dariya, a watan Agusta Mattel ya fara karɓar oda na sabuwar 'yar tsana mai wannan siffa ta lalatacciya, a kan dala 50.

Daɗin daɗawa, kamfanin ya yarda a yi masa ba'a. An nuna hukumar gudanarwarsa maza zalla, shugabansu wani shashasha da Will Ferrell ya fito a madadinsa. An sa wata yarinya ta zazzage wa Barbie duk sukar da aka shekara 60 ana yi mata. An ma taɓo matsalar da Ruth Handler ta samu da hukuma, ita da ta bar kamfanin a 1975 bayan binciken alƙaluman kuɗi na bogi. Wannan haƙuri sabo ne a wurin Mattel. A 1997 ƙara ya kai kamfanin faifai na MCA saboda waƙar Barbie Girl ta ƙungiyar Aqua, kotu ta kori ƙarar a 2002. A 2023 sai ga amon waƙar nan a cikin waƙoƙin fim ɗin. Lissafin ba shi da wuya: matan da suka girma suna ƙin 'yar tsanar su ma kasuwa ne, kuma ba za su sayi tikitin tallar awa biyu ba sai sun ji an faɗi abin da ke ransu.

Sa'a ma ta taka rawarta. A ranar ce kamfanin Universal ya fitar da Oppenheimer, fim ɗin Christopher Nolan mai tsawon awa 3 a kan masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya. Nolan ya daɗe yana aiki da Warner Bros. kafin su ɓata a kan shawarar da kamfanin ya yanke a 2020 ta sakin finafinansa a intanet rana ɗaya da sinima. An zaci ɗaya zai danne ɗaya. Sai jama'a suka mai da bambancinsu abin raha, suka haɗa sunayen suka ce Barbenheimer, ƙungiyar masu gidajen sinima ta Amurka ta ce mutum fiye da 200,000 sun sayi tikitin kallon duka biyun a rana guda. A wannan mako an tara fiye da dala miliyan 300 a Amurka da Kanada, a daidai lokacin da sana'ar ke jinyar raunin korona, har babban kamfanin Cineworld ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2022. Rahar ba ta yi wa kowa daɗi ba. A Japan, inda bam ɗin ya faɗa a 1945, an yi tir da hotunan da ke haɗa 'yar tsana da hayaƙin nukiliya, sai da Warner Bros. ya nemi gafara. Haka kuma 'yan wasan Holiwud sun shiga yajin aiki ran 14 ga Yuli, mako guda kafin fitowar fim ɗin, wanda ya hana su ci gaba da talla, amma a lokacin tuwo ya riga ya nuna.

Ina kuɗin ya shiga?

Dala miliyan 1,400 adadi ne mai ruɗi. Kusan rabin kuɗin tikiti a hannun masu gidajen sinima yake tsayawa, a ƙasar Sin ma kashi 25 cikin ɗari kawai ke komawa ga mai fim na waje. Daga abin da ya rage za a cire kuɗin shiryawa, wanda aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 145, da kuɗin talla, wanda masana harkar suka ƙiyasta a kan miliyan 150, watau tallar ta fi aikin tsada. Sa'an nan a biya manyan 'yan wasa da marubuta kasonsu. Duk da haka Warner Bros. ya ci riba mai yawa, domin shi ya zuba jarin. Mattel bai zuba ba, don haka rabonsa ƙarami ne. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin tikiti yake karɓa, da wani kaso na riba. Kamfanin da kansa ya ce abin da fim ɗin ya kawo masa a 2023, idan aka haɗa rabonsa da kayan wasan fim ɗin da kuɗin lasisi, ya kai kimanin dala miliyan 150.

A auna wannan da girman kamfanin. Cinikin Mattel gaba ɗaya a 2023 dala miliyan 5,440 ne, kusan daidai da na 2022. Cinikin Barbie kashi 3 cikin ɗari kawai ya ƙaru, ya kai wajen miliyan 1,540, bai ma kamo na 2021 ba, lokacin da korona ta tsare yara a gida. A 2024 kuwa ya faɗi da kashi 12. Farashin hannun jarin kamfanin ya tashi a watannin ɗoki, sa'an nan ya sauko kafin ƙarshen shekara. Masu kare kamfanin suna da tasu hujja, domin cinikin kayan wasa a Amurka ya ragu da kashi 8 a 2023 saboda tsadar rayuwa, wanda ya tsaya cik a irin wannan shekara bai yi abin kunya ba. Amma alƙaluman sun nuna iyakar hajar. Matar da ta tuna yarintarta za ta sayi tikiti da riga, wataƙila da 'yar tsana guda ta ajiye a kan kabad. Ba za ta dawo wata mai zuwa neman sababbin takalma da mota ba, kamar yadda 'yar shekara 6 za ta yi.

Duk da haka kamfanonin kayan wasa ba su da zaɓi sai su bi manya. Haihuwa na raguwa a Turai da Amurka da gabashin Asiya, yara kuma suna yaye kansu daga kayan wasa da wuri. Kamfanin bincike na Circana ya ba da rahoton cewa a wata ukun farko na 2024, 'yan shekara 18 zuwa sama masu saya wa kansu sun zarce 'yan shekara 3 zuwa 5 a matsayin rukuni mafi girma a kasuwar Amurka. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, ga shi kuwa ita ce ke hannunsu.

Wani abin lura shi ne bege ba ya tsallake iyaka yadda kaya ke tsallakewa. Fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai a Ingila da Meziko da Birazil da Ostareliya, inda 'yar tsanar ta daɗe a gidaje. A ƙasar Sin, mai yawan gidajen sinima, abin da ya tara wajen dala miliyan 35 ne kawai. A Koriya ta Kudu bai taɓuka abin kirki ba, haka a Japan, inda 'yan mata suka tashi da tasu 'yar tsanar, Licca-chan, wadda kamfanin Takara ya fito da ita tun 1967. Wasu ƙasashen kuma ƙofa suka rufe. Biyetnam ta hana shi saboda wata taswira da ta ce tana goyon bayan iƙirarin Sin a kan teku. Kuwait ta hana shi don kare tarbiyya, Aljeriya ta janye shi bayan an yi makonni ana nunawa. Saudiyya, wadda hukumar hisbarta ta haramta 'yar tsanar a 2003, ta bari an nuna shi a watan Agusta.

Wannan gibi wasu suka gani suka shiga. A 2003 aka fito da Fulla daga Siriya, mai abaya da mayafi, ta mamaye kantunan ƙasashen Larabawa. A Legas, Taofick Okoya ya kafa Queens of Africa a 2007 bayan ya nemi baƙar 'yar tsana ya rasa. Ana ƙera sassan a Sin, a harhaɗa su a yi musu ɗinkin atamfa a gida, da siffofi uku na Bahaushiya da Bayarabiya da 'yar Ibo. A 2014 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito yana sayar da 6,000 zuwa 9,000 a wata. A farkon 2016 Haneefah Adam daga Ilori ta yi suna a duniya da shafinta na Hijarbie a Instagram, inda take ɗinka wa Barbie hijabi, a Nuwamban 2017 kuwa Mattel ya gabatar da tasa mai hijabi ta farko, mai siffar 'yar wasan takobi ta Amurka Ibtihaj Muhammad. A ƙasar Hausa ma ba a rasa 'yar tsana ba, ta ƙashi da ta kara da ta tsumma, har da bikin aurenta da 'yan mata kan shirya. Begenta na nan a zukatan iyaye mata, sai dai ba ta da suna guda, ba ta da rajista, ba ta da mai ita, don haka babu wanda zai ba da hayarta.

Bayan nasarar 2023, Mattel ya ba da sanarwar finafinai 14 da ke kan hanya, ciki har da na motocin Hot Wheels, da Polly Pocket, da Barney, har da kartar Uno. Tarihin wannan sana'a gauraye yake. Transformers na Hasbro ya tara fiye da dala miliyan 700 a 2007, fim ɗin Lego ya tara kusan miliyan 470 a 2014, amma Battleship a 2012 da Playmobil a 2019 sun jawo wa masu su hasara, Jem and the Holograms kuwa mako biyu kawai ya yi a 2015 aka janye shi daga yawancin gidajen sinima. Shi kansa Mattel ya taɓa ƙona hannu. Kayan wasan He-Man, waɗanda ya fitar a 1982, sun kai cinikin kusan dala miliyan 400 a 1986, suka rushe a shekara mai bi, fim ɗin Masters of the Universe da aka yi a kansu a 1987 kuma bai mai da ko kuɗin shirya shi ba. A 2024 kamfanin Amazon MGM ya karɓi aikin sake yin wannan fim, ya tsayar da watan Yunin 2026 don fitar da shi, lokacin da yaran da suka yi wasa da He-Man ke kusan shekara 50 da haihuwa.